Ƙwai a Kujerar Baya

Kwana goma sha tara ƙwaina suka yi a injin ƙyanƙyasa, saura biyu su fashe, ranar da motar maigidana ta shanye musu wuta.

Da asuba na farka na ji gidan ya yi tsit. Injin yana da wata 'yar fanka a ciki mai gurnani ƙasa-ƙasa, kunnena ya saba da ita har ba na jin ta sai in ta tsaya. Na diro daga gado, ko ɗankwali ban ɗauka ba, na nufi ɗan ɗakin da ke kusa da kicin. Jajayen lambobin da ke nuna zafi sun mutu. Na ɗora tafin hannu a kan murfin, na ji shi da sanyi kamar bango.

Ba a buɗe inji a kwanakin ƙarshe, duk mai wannan sana'a ya sani. Amma na buɗe. Na ɗauki ƙwai ɗaya na manna a fatar idona, don nan ne ba ya yi mini ƙarya. Akwai sauran ɗumi, amma kaɗan, irin na shayin da aka manta da shi. Na mayar, na rufe, na yaye bargon gadonmu na lulluɓe injin. Ƙwai tamanin da takwas ne a ciki. Rabinsu ma ba nawa ba ne, na matan layinmu ne da suka kawo na sa musu.

Unguwarmu sabuwa ce, a bakin gari, turakun wuta ba su iso mu ba tukuna. Farantan sola shida da batura biyu da ke gidan, don injina aka fara sa su shekara biyu da suka wuce. Su ke riƙe da shi dare da rana, su ba mu fitila da fanka. Sai maigida ya gaji da bin layi a gidan mai. Ya sayar da tsohuwar motarsa, ya haɗa da janareta, ya sayo mota mai aiki da lantarki. Fara ce, ba ta da ƙara, sai dai ka juya ka gan ta a bayanka kamar kyanwa. Ban ƙi ba. Har daɗi na ji, don na huta da wankin riguna masu warin mai. Ya ƙara faranti takwas a rufi, batura kuwa ya ce sai nan gaba. Ranar da ya kawo ta ya tsaya a ƙofar gida, maza sun kewaye shi, ya ce su zama shaida, fetur ya bar gidansa ke nan har abada.

Injiniyan da ya haɗa mana wayoyin a gabana ya faɗa, ya kuma maimaita. "Yallaɓai, mota da rana za ta sha, daga hantsi zuwa la'asar. In rana ta faɗi, abin da ke cikin baturan nan na gida ne. Kada ka haɗa ta da su, ba ƙoshi za ta yi ba." Maigida ya ce ya ji. Abin da ba wanda ya tsaya ya duba shi ne, daga hantsi zuwa la'asar motar tana can wurin aikinsa, a gindin bishiya. Sai ranar hutu take samun rana a gida. Wannan makon kuma kwana uku ke nan hadari ya rufe sama.

Na fita tsakar gida. Ga ta a ƙarƙashin rumfa, baƙar wayar caji a soke a gefenta, kamar jaririn da ya yi barci da nono a baki. Na leƙa inbata, akwatin nan da ke raba wutar batura. A mace yake. Shi kuwa in batir ya kusa ƙarewa ihu yake yi har maƙwabta su ji, ni kuma ban ji komai ba. Na haska da wayata. Ɗan maɓallin ƙarar yana ƙasa. An kashe shi.

Da a ce mantuwa ce, da na haɗiye. Amma mutum ya tsaya, ya sunkuya, ya nemi maɓallin nan da yatsa.

Inna, mahaifiyar maigida, ta fito daga ɗakinta da buta a hannu.

"Ke 'yar nan, lafiya kike tsaye kai ba ɗankwali?"

Na nuna mata wayar cajin, na nuna mata ɗakin inji.

"Wannan yaron ne?" Inna ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. "Yana ina?"

"Masallaci."

"Ya je ya gaya wa Allah da bakinsa ke nan."

Na tsaya ina kallon motar. Wutar ƙwaina ba ɓacewa ta yi ba, ga ta can a cikinta. To, in ba za ta dawo ba, mu za mu bi ta. A kwalin injina akwai wata gajerar waya da ban taɓa amfani da ita ba, mai kai irin wanda ake sokawa a ramin cajin waya na mota. Na zazzage kwalin na samo ta. Makullin motar yana rataye a ƙusa a falo, inda ba wanda ke taɓa shi. Na ɗauka.

"Inna, ki kama mini can gefen. A hankali, kada ya karkata, akwai ruwa a ƙasansa."

"Ina za mu da shi?"

"Mota."

Inna ta ajiye buta. "Ni da ya ce ko jingina kada in yi da ita? Kama mu tafi."

Muka ɗauko shi muna jan ƙafa kamar masu ɗauke da mara lafiya. Kujerar baya a karkace take ta ciki, sai na ninke zannuwa biyu na cusa a ƙasa har ya daidaita. Ban iya tuƙi ba, amma na sha ganin yadda yake tayar da ita. Na zare wayar cajin na yar, na zauna a wurinsa, na taka birki, na danna zagayayyen maɓallin. Gaban motar ya haska. Na soka wayar. 'Yar fankar ta yi tari, ta kama gurnani. Lambobin suka nuna ashirin da tara. Talatin da bakwai da rabi ake so.

Maigida yana shigowa ya tarar da ni a kujerar gaba, ƙofa a buɗe, Inna a kan tabarma tana jan carbi.

"Uwar kaji, me kike yi a nan?" Haka yake kirana in yana cikin raha. Sai ya leƙa baya. Rahar ta gudu. "Mene ne wannan? A kan kujerata? Kin san ledar ma ban gama cirewa ba?"

"Wa ya kashe ƙarar inbata?"

"Fito da shi tukuna."

"Wa ya kashe?"

Ya sosa ƙeya. "Ni ne. Na ga kin gaji jiya, na ce kada ya tashe ki. Awa biyu kawai na yi niyya in sa ta, in tashi in cire. Barci ya kwashe ni."

"Don kada ya tashe ni."

"Wallahi don ke na yi."

Ni in raina ya ɓaci muryata rawa take yi, shi ya sa nake yin shiru, mutane su ɗauka haƙuri ne. Ran nan na bar ta ta yi rawarta.

"Ka san me ya sa akwatin nan yake ihu? Don ya tashe ni yake yi. Aikinsa ke nan. Kwana goma sha tara ina zuba musu ruwa da cokali, ina haska su ɗaya-ɗaya. Jiya da yamma na kira ka, ka sa kunne, ka ji wani yana motsi a ciki, har ka yi dariya. Ka san da rai a ciki. Ba gajiyata ka tausaya wa ba, tsoro ka ji kada in tashi in ce a'a."

Ya dubi Inna, ko za ta ce in rage murya. Inna ta ci gaba da jan carbinta.

Sai ya sauko, ya fara bayani. A wurin aiki sun sa shi gaba, suna kiran motar tocila. Shekaranjiya cajin ya yi ƙasa, ya lallaɓo gida kamar mai tafiya a kan ƙwai, ɗaya daga cikinsu ya wuce shi a babur yana ɗaga masa hannu. Yau kuma an tura su taro a wani gari, shi ya ce zai ɗauki mutum uku, don su gani da idonsu. Can akwai wurin caji, zuwan kawai yake nema.

"Ƙarfe bakwai za su jira ni a bakin titi. Ki taimake ni. Mu mayar da shi ɗaki, rana na fitowa wuta za ta dawo."

Na ɗaga kai na dubi sama. Shi ma ya duba. Baƙi ƙirin.

"To, a bar shi a ciki, in tafi a hankali. Motar ba ta girgiza."

"Yanzu kowane ɗan tsako ya juya ya sa bakinsa inda zai fasa. Ramin farko da za ka faɗa, ka juyar da su. Ba inda za ta."

"Motata ce fa."

"Wutata ce a ciki."

Ya kira Injiniya, yana tsammanin zai zo ya goya masa baya. Kafin bakwai sai ga shi a babur, da rigar ruwa. Ya shiga ya auna batura, ya fito yana girgiza kai.

"Yallaɓai, an tsotse su har ƙasa. Da wannan hadarin, kwana biyu ma ban yi maka alkawari ba. Kuma kada a rataya musu komai kafin su farfaɗo, in ba haka ba ka yi sallama da su." Ya leƙa gaban motar. "Nawa ta samu?"

"Daga kashi ashirin da biyu zuwa talatin da shida," in ji maigida, ƙasa-ƙasa.

Duk wutar gidan nan ta sha, da ta fitila, da ta fanka, da ta ƙwaina, ko rabin cikinta bai cika ba.

Injiniya ya ga injin a kujerar baya, ya bi wayar da ido har ramin caji, ya fashe da dariya. "Wa ya yi wannan? Madam? Ai ni ya kamata in zo koyon aiki. Motar nan za ta riƙe injin nan sati biyu ba ta ma san yana nan ba." Ya daddanna wasu wurare a allon gaba don kada ta kashe kanta, ya ce a bar makullin a ciki, a sauke gilasai.

"Ba ka da batir na aro?" in ji maigida.

"A wannan makon? Kowa ya rungume nasa."

Ni ce na kawo mafita, don kada a ce ban kawo ba. "Mai shagon kusurwa yana da ƙaramin janareta. Ka je ka aro, ka ɗauki galan ka sayo mai. In na ga ya tashi, zan yarda a sake ɗaga su sau ɗaya, ko da ba na so. Sai ka ɗauki motarka."

Ya tsaya. Na ga yana hango kansa a layinmu, da galan a hannu, a gaban mutanen da ya sa su zama shaida.

"Ni? In ɗauki galan?"

"Minti goma ne."

"Ba zan iya ba."

Wayarsa ta yi ƙara. Abokan aikin ne. Ya juya mana baya, ya rage murya. "E, ina hanya. A'a, motar ce dai, ta ɗan samu uzuri. A'a, lafiyarta ƙalau, caji ma akwai."

Inna ta ɗaga murya daga kan tabarma. "Kai wannan, ka gaya musu gaskiya mana. Ka ce tana kwanci, sai ta ƙyanƙyashe!"

Har inda nake na ji dariyarsu ta cikin wayar. Ya kashe, ya shiga ɗaki, ya fito da jakarsa, ya fice neman motar haya ko shayi bai sha ba. Injiniya ya bi bayansa yana cije leɓe.

Inna ta ce, "To, kin ci nasara, ya bar miki."

Ban ji nasara ba. Ba don ƙwaina ya bar ta ba. Ya auna kunya biyu ne, ya zaɓi wadda 'yan layinmu ba za su gani ba. Wannan ya fi maɓallin ma ci mini rai.

Sai da hantsi ya yi sosai lambobin suka kai talatin da bakwai da rabi. Awa nawa suka yi cikin sanyi, ban sani ba, shi ma bai sani ba. Na dawo da zamana cikin mota. A nan nake tsinke kayan miya, a nan nake yi wa Inna kitso, ita a kan kujerar tsakar gida ni a bakin ƙofa. In rana ta ɗan leƙo, sai in rataya jiƙaƙƙen zani a gefen rumfa don kada motar ta ɗau zafi. Matan da suke da ƙwai a ciki suka ji labari, suka riƙa zuwa suna leƙawa ta gilashi. Ba wadda ta ce mini komai sai "Allah ya fito da su." Da sun yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Maigida kuwa ina dafa masa abinci, ina ajiye masa, ina amsa sallamarsa. Iyakarta ke nan.

Rana ta ashirin da ɗaya ta zo, ranar da ya kamata in ji tsuwar 'yan tsaki ta cika inji. Na kwana biyu ina jiranta. Na durƙusa a ƙasan mota tun safe, na manna kunne a jikin murfin. Fanka kawai. Azahar ta yi, la'asar ta yi, ko tsaga ɗaya babu. Da ya dawo daga aiki ya zo ya tsaya a kaina, da jakarsa a kafaɗa.

"Ba labari?"

"Babu."

"Ko jinkiri ne?"

"Ko mutuwa ce."

Ya daɗe a tsaye. Takalmansa sun yi caɓa-caɓa da laka, don daga inda motar haya take sauke shi zuwa gida akwai tafiya. Na gani, ban ce sannu ba.

Washegari da safe, ina share rumfa, na ji wani ɗan sauti siriri. Na yar da tsintsiya. Ƙwai ɗaya a layin tsakiya ya tsage, ɗan baki fari yana leƙowa yana komawa. Kafin azahar sun zama tara. Na kira Inna, ta zo da gudu, zaninta a hannu, tana cewa, "Ku fito, 'yan albarka, ku fito ku ga motar da aka haife ku a ciki." Suna fitowa a jiƙe, su kwanta kamar sun mutu, can su miƙe su fara tattaka 'yan uwansu. Wasu sun fasa sun kasa ƙarasawa. Ina kallonsu ta murfin suna buɗe baki, ba halin in taimaka, don in na buɗe na busar da na bayansu.

Na ƙara musu kwana biyu. Hamsin da uku suka fito. Wancan karon, daga tamanin da takwas, saba'in da tara na samu.

Rana ta dawo, batura suka farfaɗo. Na kwashe 'yan tsaki a kwali na kai ɗaki, na raba wa kowace mace abin da ya fito nata, na ba su haƙuri da bakina. Ni da Inna muka fitar da injin. Motar ta ɗau ƙarnin ƙyanƙyasa, ɓawon ƙwai da ƙananan gashi sun shiga ko'ina. Na mayar da makullin kan ƙusarsa.

Saura talatin da biyar da ba su fashe ba. Kullum in an gama nakan fasa irinsu in duba, don in san inda aka samu matsala. Na zuba su a tsohuwar roba, na zaga bayan gida da fartanya, na tona rami. Ina tsugune sai na ga inuwarsa. Ranar hutu ce, ya fito da bokiti da soso zai wanke mota, ya fasa ya biyo ni.

"Ai Alhamdulillahi, fiye da rabi sun fito," in ji shi.

Na fasa na farko a bakin robar. Ruwa ne kawai. Na fasa na biyu, shi ma haka.

"Waɗannan ba laifinka ba ne," na ce. "Tun farko ba komai a ciki."

Na fasa na uku ta wajen faffaɗan kai, na ɓare a hankali. Ɗan tsako ne cikakke, da gashinsa, da farcensa, ya dunƙule, bakinsa a ɗage yana taɓa ɓawon. Na ajiye shi a tafin hannuna, na miƙa masa ya gani.

"Wannan saura bugu ɗaya ya rage masa."

Ya kawar da kai, sai kuma ya dawo ya duba. Na sa shi a rami. Na huɗu haka, na biyar haka, na shida har ya ɗan huda. Ya ajiye bokitin.

"Na yi magana da Injiniya," ya ce. "Gobe zai raba layin. Mota ba za ta ƙara taɓa baturan nan ba, ko na so. Kuma zan riƙa barinta gida kwana biyu a mako, ta sha rana."

"To."

"To kawai?"

"Me kake so in ce?"

"Har yanzu fushi kike yi?"

"Ina yi."

"Sai yaushe?"

"Ban sani ba. Akwai saura ashirin da tara."

Ya tattare rigarsa, ya tsuguna a ɗaya gefen ramin. Ya sa hannu a robar ya ɗauko ɗaya, ya riƙe shi kamar zai miƙo mini.

"A'a," na ce. "Ta faffaɗan kai ake farawa. Kai za ka fasa."